Gyaran da Aka Yi Sau Biyu

Idan mutum biyu suka yi aiki, kowanne ya yi nasa daidai, sai kuma haɗuwar ayyukan ta yi ɓarna, laifin na wane ne? Na daɗe ina juya tambayar nan a raina. Na yi wa kaina alƙali, na yi wa kaina lauya, har yau ban yanke komai ba.

Shagonmu ɗaki biyu ne a ƙasan wani bene, tsakanin mai walda da mai ɗinkin kujeru. Ni da yayana muke ciki. Injin ƙyanƙyasar ƙwai muke haɗawa: akwatin katako mai ƙofar gilashi, da hita, da fanka, da wani ɗan allon lantarki da ke lura da zafi yana juya tiren ƙwai a kan lokaci. Yaya shi ne mai katako da waya da ciniki. Ni ne mai shirin da ke cikin allon. Ban yi makarantar abin ba. A gefen teburin matar Yaya na koya, ina tambaya tana korata, ina dawowa. Ita ce ta yi karatun, shi ya sa duk layinmu ke kiranta Injiniya. Bara waccan ta rasu, bayan gajeriyar jinya.

Idan aka kunna allon, abin da ke fara farkawa wani ɗan ƙaramin shiri ne da muke kira butloda. Aikinsa ɗaya ne. Zai ɗauko babban shirin daga ma'adanar da ba ta mantuwa ko an ɗauke wuta, ya kwafe shi cikin ma'adanar aiki, wadda ta fi sauri amma take zubar da komai idan wuta ta tafi, sannan ya miƙa masa ragama ya koma gefe. Injiniya ce ta rubuta shi. Kafin ta kwanta ciwo ta zuba shi a wata 'yar na'ura mai kama da akwatin ashana, wadda ake jonawa da sabon allo a danna maɓalli. Tun da ta rasu Yaya kaɗai ke taɓa na'urar. Duk allon da zai shiga inji, shi zai zauna ya jona, ya danna, ya jira koriyar fitila, ya miƙo mini. Rubutun butlodan kuwa yana cikin kwamfutarta, a jaka, a saman kabad na ɗakin ciki. Ba a buɗe ta ba tun ranar da aka dawo daga maƙabarta.

A zamaninta allo iri ɗaya muke saye. Babban shirin wuri ɗaya yake sauka kullum, kuma duk adireshin da ke cikinsa daidai yake tun daga gini. Bayan rasuwarta irin allon ya ɓace a kasuwa. Abin da muke samu kala-kala ne, kowanne da inda ma'adanar aikinsa ta fara. Butloda bai damu ba, domin ta bar gurbin da ake rubuta masa inda zai sauke kaya. Babban shirin ne ya shiga uku. A cikinsa akwai ɗaruruwan wurare da aka rubuta cewa a tafi lamba kaza, a ɗauko zafi daga lamba kaza. In ka sauke shi a wani wuri dabam, duk lambobin nan sun zama ƙarya.

Sai na rubuta gyaran adireshi. Ina gina shirin kamar daga lamba sifili zai fara, in haɗa masa jerin duk wuraren da ke ɗauke da adireshi. Da zarar butloda ya sauke shi ya miƙa masa ragama, kafin ya taɓa hita ko tiren ƙwai, sai ya duba inda ya tsinci kansa, ya bi jerin ɗaya bayan ɗaya, yana ƙara wa kowace lamba tazarar da aka samu. Bai kai ƙiftawar ido ba an gama. Shiri ɗaya, kowane allo. Ban taɓa jin daɗin wani aiki nawa kamar wannan ba.

Ran nan da hantsi motar kaya ta tsaya a ƙofar shago, aka sauko da ɗaya daga cikin injunanmu. Mai shi wata dattijuwa ce da kowa ke kira Inna Mai Kaji. Sana'arta karɓar ƙwai daga matan unguwarsu, ta ƙyanƙyashe musu, a raba 'yan tsaki. Tsohon injinta Injiniya ce ta kai mata shi da kanta. Wannan sabo ne, na hannuna.

Mai walda ya ɗage gilashin fuskarsa ya ce, "Inna, an kawo mana rabonmu ke nan? Ni zakara nake so."

Ba ta kalle shi ba. Ta shigo da tire a hannu ta ajiye a kan teburina, a kan wayoyi da komai. Ta ɗauki ƙwai ɗaya ta fasa a gefen teburin. Ɗan tsako ne cikakke, da gashinsa a jiƙe, da baki, da ƙafafu a naɗe. Ta fasa na biyu. Shi ma haka.

"Auta," in ji ta, don haka take kirana kamar yadda Yaya ke yi, "saura kaɗan su fito. Saura kaɗan. Fitila na ci, fanka na juyawa, lambar nan taku tana nan yadda kuka ce ta zauna. Sai da na dafa gilashin na ji shi da sanyi kamar randa."

Yaya ya fito daga ɗakin ciki da zarto a hannu. Ya dubi teburin, ya ajiye zarton.

"Inna, ki yi haƙuri. Wuta ce ta…"

"Wuta kullum sai ta yi wasa a layinmu, akwai injin niƙa a bayanmu. Tsohon bai taɓa yi mini haka ba. Ba nawa ba ne fa, ɗan nan. Na mutane ne. Akwai wadda ta kawo mini nata a cikin ɗankwali."

Ta bar mana injin da tiren ta tafi. Ni na kwashe ƙwan na kai bola. Warin bai bar hannuna ba har la'asar.

Na zauna da injin. In na kashe wuta na jira na kunna, lafiya lau yake tashi. Na yi ta yi har na gaji. Sai maganar injin niƙa ta dawo mini, na kashe na kunna nan take, kamar yadda wuta ke ƙiftawa. Fitila ta kama, fanka ta juya don ita kai tsaye take da wuta, tsohuwar lamba ta tsaya a fuskar allon. Hita shiru. Na jona waya na leƙa cikin ma'adanar aiki, na bi adireshin nan ɗaya bayan ɗaya. Kowanne an ƙara masa tazara sau biyu.

Na jima ina kallon lambobin kafin na gane. Idan wuta ta ƙifta kawai, ma'adanar aiki ba ta samun lokacin mantuwa. Butloda ya farka, ya ga kaya na nan, sai ya ƙi sake kwafowa, ya miƙa ragama kawai. Gyarana kuwa bai san an riga an yi shi ba. Ya sake bin jerin, ya sake ƙarawa, shirin ya yi tsalle zuwa inda babu komai ya tsaya a can.

Na samu Yaya yana goge katako. Na yi masa bayani a hankali, har da zane a jikin wani guntun allo.

"Na san da wannan," ya ce. "Da gangan ta yi. Kwafowar tana ɗaukar lokaci, kuma duk lokacin hita a kashe take. Ta ce a unguwar da wuta ke wasa, in ana tara wannan jiran ƙwai za su huce. Sati guda ta yi a kansa, tana zaune can inda kake zama, ko abinci sai na yi mata faɗa."

"Ni ban sani ba."

"To yanzu ka sani. Ka gyara naka."

"Yaya, gyaran na cikin butloda. Layi kaɗan ne. A cire tsallaken nan da yake yi wa kwafowa, ya riƙa kwafowa kullum. Allon yanzu ya fi na zamaninta sauri, ƙwai ba za su ji komai ba. A sauko da kwamfutar…"

"Ba za a sauko da ita ba."

"Ba cewa na yi ta yi kuskure ba."

"Me ka ce to? Shekara nawa abin nan yana aiki ko tari bai taɓa yi ba? Sai da ka zo da wayonka na shiri ɗaya kowane allo. Kai da ko takardar makaranta ba ka da ita, yau kai za ka yi wa aikinta gyara?"

Ya san ya yi nisa, don ya juya ya ci gaba da goge katakon da ya riga ya yi santsi. Ba zafin maganar ne ya dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne rabinta gaskiya ce. Ranar da ta rubuta tsallaken, babu wani abu a duniya da zai sa ya yi ɓarna. Ranar da na rubuta gyarana, na gwada shi ta duk hanyar da na sani. Da za a tsayar da mu gaban mai shari'a, kowa zai fita da hujjarsa. Amma ga 'yan tsaki a bola.

Na koma na nemi mafita ta ɓangarena. Na fara da goge kan shirin a ma'adana, don butloda ya ɗauka babu komai ya sake kwafowa. Bai ko kula ba. Alamar da yake dubawa tana wani wuri da ta ɓoye, wanda shirina ba ya iya taɓawa. Na yi tunanin in ajiye asalin kowace lamba a cikin jerin, in riƙa rubutawa a maimakon ƙarawa, ta yadda ko sau goma aka yi abu ɗaya za a samu. Jerin zai ninka, ma'adanar kuwa ta cika maƙil, ko allura ba za ta shiga ba. Daga ƙarshe na sa alama tawa: in gyara ya ƙare, shirin ya rubuta cewa an yi, in ya farka ya ga alamar ya wuce.

Ya yi aiki. Na ƙifta wuta, hita ta kama. Na sake, ta kama. Yaya ya zo ya tsaya a bayana ya ga haka, ya dafa kafaɗata.

"Ka gani? Da ma can gyaran naka ne."

Ni kuwa tun ina rubuta alamar na san ramin da ke ƙarƙashinta. In wuta ta ƙifta a daidai lokacin da ake tsakiyar gyara fa? Rabin lambobin an ƙara musu, rabi ba a ƙara ba, alama kuma ba a kai ga rubuta ta ba. Idan shirin ya farka zai fara daga farko, rabin farko su sha ƙari sau biyu. In na sa alamar tun kafin a fara, rabin ƙarshe ne za su zauna babu gyara. Ta ko'ina aka bi, abin da ke cikin ma'adana ya gurɓace, kuma mai iya kawo sabo shi ne butloda.

Lokacin ɗan ƙanƙani ne, na gaya wa kaina. Ƙiftawar ido. Amma na san yadda wuta ke yi idan injin niƙa ya tashi. Ba sau ɗaya take ƙiftawa ta huta ba. Rawa take yi, ta tafi ta dawo ta tafi ta dawo, kuma ta biyun tana faɗowa ne daidai lokacin da allon ke tashi daga ta farko. Da Yaya ya fita sayen ƙusa na kama maɓallin na yi ta kaɗa shi da sauri. Na daɗe ina yi ba abin da ya faru. Har na fara murna. Sai lambar ta tsaya.

Kwanakin da suka biyo baya na yi ta juya maganar a raina. Ina iya yin shiru. Wataƙila injin ya shekara bai faɗa ramin ba, Yaya ya zauna da abin da ya rage masa na matarsa yadda ta bar shi, ni kuma in ɗauki laifin da ya riga ya ɗora mini, wanda ba shi da nauyi sosai. Wane ne zai cutu? Wataƙila babu kowa. Wannan wataƙilar ce ta hana ni sakat. Na lura cewa duk lokacin da na auna ta, sai in ga ba ni ne zan biya ba in ta faɗi, ba kuma Yaya ba.

Na gwada gaya masa sau ɗaya, muna rufe shago. Ya ce, "Auta, in mutum ya ga dama ko dutse zai kaɗa har ya fashe. Wa zai zauna yana wasa da maɓalli kamar mahaukaci? Maganar nan ta mutu."

Inna ta dawo ranar da aka ce ta zo ɗaukar injinta. Ta zo da kwano a rufe da tawul, ta zauna a benci ta ɗora shi a cinya, ta riƙe da hannu biyu.

Mai walda ya leƙo ya ce, "Inna, yau ma fashe-fashen za a yi? In kawo kasko?"

"Kawo bakinka in soya," in ji ta. Sannan ta juyo gare ni ta ɗaga tawul ɗin. Ƙwai ne, kowanne da alamar mai shi da gawayi. "Waɗanda suka yarda suka sake ba ni ke nan. Sauran sun kai wani wuri. Sun kwana biyu a hannuna, in suka ƙara ba za su yi ba. Auta, kai ka taɓa cikinsa. In zuba ko kada in zuba?"

Yaya na tsaye a ƙofar ɗakin ciki. Ya ce, "An gyara, Inna."

"Ba kai na tambaya ba tukuna."

Na dubi ƙasa. Akwai ɗan ɓawon ƙwai da ya maƙale a ƙafar teburin tun ranar farko. Na ce, "Inna, ya fi da. Ya fi da nesa ba kusa ba. Amma in wuta ta yi rawa a jere, yana iya sake tsayawa, kuma ba za ki gane ba sai kin taɓa."

"Yana iya."

"Yana iya."

"To ni yana iya zan kai wa matan nan?"

Yaya ya tako ya ture ni gefe, ba da ƙarfi ba. "Tsoro ne kawai irin nasa. Tun yana yaro haka yake, ko kwalbati zai tsallaka sai ya yi shawara da zuciyarsa. Duba nan." Ya kunna injin, ya jira hita ta kama, ya kashe ya kunna. Ta kama. Ya sake, ta kama. Ya dube ni, ya kama maɓallin ya yi ta kaɗawa da sauri, yana kaɗawa yana kallona, har mai ɗinkin kujeru ya leƙo ya ga abin da ke ƙara. Duk lokacin da ya saki, jar fitilar hita sai ta kama. Injin bai tsaya ba ko sau ɗaya.

"Kin gani?" ya ce, yana haki kaɗan.

Inna ta gyara zaman kwanon. "Na gani. To shi ke nan, kai ne babba. Ni ban san adireshi ba, ban san uwar adireshi ba. Marigayiya in ta ce mini zuba, zubawa nake yi in je in yi barcina. Kai ma ka faɗa. Ka ce, Inna, zuba. Wallahi yanzu zan sa a ɗora shi a mota."

Yaya ya dubi kwanon, ya dubi alamomin gawayin nan, wani gicciye, wani zagaye, wani ɗigo uku. Hannunsa na kan maɓallin har yanzu, amma bai ƙara kaɗawa ba.

"Da gaske ka ga ya tsaya?" ya tambaye ni, ba tare da ya juyo ba.

"Da idona."

"Sau nawa?"

"Sau ɗaya."

Ya gyaɗa kai a hankali. Inna tana jira.

"Inna," ya ce, "ki ba mu zuwa la'asar."

Ya shiga ɗakin ciki. Na ji ya ja kujera, na ji ta yi ƙara da ya hau. Ya fito da jakar a rungume, ƙura ta yi mata fari. Ya share teburina da gefen hannu, ya ajiye ta, ya zuge zif ɗin da ya ƙi tafiya sai da ya ja sau biyu. Batirin ya daɗe da mutuwa. Ya jona caja, muka tsaya muna kallon baƙin gilashi har ya yi haske. Da ta nemi kalmar sirri sai ya sunkuya ya rufe da jikinsa ya rubuta da yatsa ɗaya.

Na nemo rubutun butlodan, na gangara har inda tsallaken yake. Gajere ne ƙwarai, a tsare, babu harafi ɗaya da ya wuce wurinsa. Na karanta shi sau biyu ban ga abin da zan kushe ba. Na kai hannu.

"Matsa," in ji Yaya.

Na tashi na ba shi kujerar. Ya zauna ya goge tafin hannunsa a wando.

"Daga ina zuwa ina?"

Na nuna masa da yatsa. Ya jawo alamar a hankali, layi bayan layi, har suka yi shuɗi duka. Ya daɗe a haka. Inna ta mayar da tawul ta rufe ƙwanta. Sannan ya danna maɓallin gogewa.